Inda Layin Masara Ya Karkace

Ana idar da sallar La'asar ranar Juma'a kira ya shigo wayar Sufeto Zakiyyu. Mai unguwar wani ƙauye ne da ake kira Unguwar Kanya, can bayan Gazara. An tsinci gawar mutum a burtali.

Sufeto ya ajiye wayar. Ya daɗe a wannan aiki, ya san abin da gawa a hanyar shanu ke jawowa a farkon damina. Ya ɗauki hularsa ya kira Kofur Yahya, suka hau babur ɗaya, don motar ofis ta fita wani aikin tun safe.

Sun tarar da taro. Matasa da gorori, wasu da adduna a ƙarƙashin riga. Gawar tana kwance gindin wani kalgo, an rufa mata zane.

"Wane ne?"

"Malam Maiwada ne, ranka ya daɗe," in ji mai unguwa. "Dattijo ne, bai da abokin faɗa."

"Yana da shi!" wani saurayi ya daka tsawa, idanunsa jajur. "Ukasha na ruga! Kwanan nan suka yi cacar baki, kowa ya ji!"

Wani mutum mai furfura a gemu ya riƙe hannun saurayin. "Abdulrahman, yi haƙuri. Bar hukuma ta yi aikinta." Ya juyo wurin Sufeto. "Yallaɓai, ɗan marigayin ne. Ni kuma ƙanensa ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Sunana Sada. Ni ne shugaban ƙungiyar manoman garin nan."

"Allah ya ji ƙansa. Yaushe rabonka da shi?"

"Tun jiya da Magariba."

Sufeto ya tsuguna ya ɗaga zanen. Ba sara ba ne, ba kuma dukan sanda ba. Haƙarƙarin gefe guda ya lotsa, ƙugu ya karye, kamar an maka masa wani abu mai nauyin gaske. Ya duba ƙasan da ke ƙarƙashin gawar. Babu jini sai kaɗan.

Da ya juya shi, wasu ƙwayoyi suka zubo daga naɗin rigar. Masara ce, amma an rina ta da jan magani. Ya tsince su ya zuba a aljihu.

Hadari ya taso daga gabas. Sufeto ya dubi addunan nan, ya dubi rugar da ake hangowa daga nesa. Ya ce wa Kofur, "Je ka taho min da Ukasha. Ka sa masa ankwa a gaban kowa."

"Yallaɓai, ai ba mu da hujja tukuna."

"Ba don hujja ba ne. In muka bar shi a nan, ba zai ga safiya ba."

Kafin su kai titi ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Sufeto ya san duk wani sawu da ke ƙasa ya tafi ke nan.

Ukasha dogo ne siriri, bai fi shekara talatin ba. Ya zauna a kan benci a ofishin bincike yana kallon ƙafafunsa.

"Ina kake yau da rana?"

"Ina rafi da shanu. Ban bi ta burtali ba."

"Ban tambaye ka burtali ba."

Sufeto ya sake jefa masa wata tambayar.

"Me ya haɗa ka da Maiwada?"

"Shanuna ne suka cinye masa gamba da ya dasa. Ya yi faɗa, na ba shi haƙuri. Yallaɓai, mutumin nan duk rani a gonarsa muke kwantar da shanu. Shi ke kawo wa innata goro."

"To me ya sa ka ce ba ka bi ta burtali ba? Kashin shanu ɗanye na gani kusa da gawar."

Ukasha ya ɗago kai. "Na bi. Na gan shi a kwance. Na taɓa shi na ji ya yi sanyi. Na kora shanuna na gudu. In na je gari na ce na ga gawa, wa za a ce ya kashe?"

"Wane lokaci ke nan?"

"Maza duk suna masallaci a Gazara. Daji tsit, ba ka jin komai sai ƙarar motar noman nan."

Sufeto ya ɗaga kai. "Tarakta tana aiki lokacin sallar Juma'a?"

"Tana yi. Ba ta tsaya ba."

Washegari, bayan an kai Maiwada makwanci, Sufeto ya nemi izini ya shiga cikin gida. Matar marigayin, Lantana, tana zaune a kan tabarma a bakin ɗaki, ta lulluɓe har goshi. Suka gaisa, ya yi mata ta'aziyya, sannan ya buɗe tafin hannunsa.

"Baba, kin san wannan iri?"

Ta leƙa ta kawar da kai. "Irin kamfani ne. Bai taɓa shigowa gidan nan ba. Malam ko taɓa shi ba ya yi."

"Me ya sa?"

Ta ja numfashi, ta ba shi labari a hankali. Bara ne Sada ya je wani taro ya dawo da magana. Wani kamfani zai kawo motar noma wadda tauraron ɗan'adam ke ja wa layi daga sama, ta yi shuka, ta zuba taki daidai wa daida, amfani ya ninka. Amma motar ba ta aiki a ƙananan gonaki. Sai an haɗe gonakin gari duka sun zama fili ɗaya, an tuge gambar kan iyaka, an sare itatuwa. Iyakar kowa kuma tana cikin na'ura, ba ta ɓata.

"Kowa ya yarda sai Malam. Ya ce iyakar da ubansu ya dasa da hannunsa ba zai bari a mayar da ita cikin akwatin da bai iya karantawa ba. Aka yi taro aka rinjaye shi. Yana kwance da zazzaɓi aka tuge masa gambar."

"Sai ya yi yaya?"

"Sai ya riƙa sake dasawa. Su tuge, ya dasa. Su tuge, ya dasa. Jiya ma da hantsi ya ɗauki fartanya da damin saiwar gamba ya ce zai je ya dawo kafin a tafi masallaci."

"Burtali ya nufa?"

"Me zai kai shi burtali? Gonarsa tana tsakiyar filin nan."

"Fartanyar ta dawo gida?"

Ta girgiza kai.

"Yaya yake da ƙanensa?"

"Shi ya goya shi," in ji Lantana. "Uwarsu ta rasu Sada yana rarrafe."

Filin ya miƙe tun daga bayan gari har bakin rafi, babu itace, babu tudun iyaka, babu ko kututture. Sufeto ɗan manomi ne, amma bai taɓa ganin gona tsirara haka ba. Ruwan jiya ya shafe ta sumul.

A gefe, ƙarƙashin rumfar kwano, taraktar tana tsaye. A samanta akwai wani farin abu kamar kifaffen kwano. A bayanta an ɗaura injin shuka, dogon ƙarfe mai jerin akwatunan iri, faɗinsa ya ninka na motar.

Wata matashiya mai hijabi da takalmin roba ta taho. Ita ce Mukarrama, jami'ar gona ta kamfanin. Direban motar, Yahuza, yana bayanta yana goge hannu da tsumma.

"Malama, yi min bayani yadda zan gane," in ji Sufeto.

"Wancan farin abin shi ke karɓar saƙo daga tauraro. Mun riga mun zana layuka a wannan allon. Direba ya saita motar a bakin layi, ya danna maɓalli, ya saki sitiyari. Ita za ta riƙe hanya da kanta. Ba ta kauce wa layi ko da faɗin yatsu biyu."

"To direban me yake yi?"

"In an kai ƙarshen fili shi ke juya ta da hannu ya saita layi na gaba. Sai kuma lura."

"Na'urar tana riƙe inda motar ta bi jiya?"

Mukarrama ta gyara hijabi. "Wannan yana tafiya babban ofis ne kai tsaye. Sai kun rubuto, lauyoyinmu sun duba."

Sufeto ya san irin wannan dubawar. Kafin ta ƙare an yi girbi. Ya juya wurin Yahuza.

"Kai ka tuƙa jiya?"

"Ni ne, Yallaɓai. Tun safe har muka gama."

"Ka ga Maiwada?"

"Ban ga kowa ba."

"Ka je masallaci?"

"Na je. Na kashe mota na tafi Gazara, na dawo na ci gaba."

"An ji ƙarar motar ana cikin huɗuba."

"Wa ya ji? Bafulatanin da ya kashe mutum?" Ya yi maganar da ƙarfi, amma tsumman da ke hannunsa yake kallo.

Sufeto ya zagaya injin shukar. An wanke shi tas, har ƙasan ƙarfen. Ya buɗe akwati ɗaya. Jar masara ce cike.

Ya koma ofis da zargi, ba hujja. Ya roƙi a ba shi mutane su kwana biyu a Unguwar Kanya. Duk waɗanda ake da su suna bakin wani aikin a kan hanyar Ikara. Aka ba shi ɗan sanda ɗaya. Ya je da kansa wurin Sada ya ce, "Shugaba, matasan nan suna jin maganarka. Ka riƙe min su. Ina da dalilin da ya sa nake ganin ba Ukasha ba ne."

Sada ya ce, "In sha Allahu, Yallaɓai."

Ranar sadakar uku, ana watsewa daga addu'a, aka ga hayaƙi ya turnuƙe ta wajen rafi.

Kafin Sufeto ya iso an gama. Bukkoki sun zama toka. Ƙoren nono sun fashe, maruƙa biyu sun ƙone a turke. Mata da yara sun tsere cikin daji. Mutum ɗaya ce ba ta gudu ba, Mairama, mahaifiyar Ukasha, wadda ƙafafunta suka daɗe da daina ɗaukarta. An samu gawarta a bakin ƙofar bukkarta, ta ciki.

Ɗan sandan da aka bari yana zaune a ƙasa, goshinsa a fashe. "Sun fi ƙarfina, Yallaɓai. Abdulrahman ne a gaba, da jarkar fetur. Na yi ta ihu akwai tsohuwa a ciki, ba wanda ya ji."

"Ina yake?"

"Ya gudu."

"Shugaban ƙungiya fa?"

"Yana zaure yana karɓar gaisuwa. Bai fito ba."

Da yamma Sufeto ya buɗe ɗakin da aka tsare Ukasha, ya zauna kusa da shi a ƙasa, ya faɗa masa. Ukasha bai yi kuka ba. Ya dube shi kawai ya ce, "Da ka bar ni a can, da na ɗauke ta a baya."

Sufeto ya sha faɗa wa kansa cewa ya ceci rai ɗaya ranar Juma'a. Yanzu bai san ko musanya kawai ya yi ba.

Kwanaki suka shuɗe. Takardar da ya aika wa kamfani ba amsa. Daga sama ana matsa masa ya miƙa Ukasha kotu a huta. Wata safiya, don ya rasa inda zai sa kansa, ya hau babur shi kaɗai ya koma filin.

Masara ta tsiro.

Ya tsaya a bakin gona ya daɗe yana kallo. Layuka kore shar, a miƙe kamar an ja su da zare, tun daga ƙafarsa har inda ido ya gaza. Ruwa ya shafe sawun taya, amma abin da aka binne a ƙasa ya fito da kansa.

Ya fara bin gefen filin, inda motar ke juyawa. Daga farko juyin a tsare yake, kowane layi ya ƙare daidai da ɗan'uwansa. Can wajen tsakiya abin ya canza. Layuka suka fara ƙarewa a hargitse, wani ya zarce har cikin ciyawa, wani ya tsaya nesa da baki, wani wurin an zubar da iri tuli guda ya tsiro cunkus. Bayan wani ɗan nisa kuma tsarin farko ya dawo.

Hannu biyu ne suka juya motar nan. Ɗaya gwani, ɗaya ɗan koyo.

Ya shiga cikin layukan ɗan koyon, yana tafe yana duban ƙasa. Ya yi nisa sosai, gari ya koma ƙarami a bayansa, sannan ya gani.

A wuri ɗaya tak a duk faɗin filin, layukan sun karkace. Sun bar hanyarsu sun lanƙwasa zuwa hagu, sun hau kan waɗanda aka riga aka shuka, tsiro a kan tsiro. Ta dama kuma an bar ƙasa fayau, siffar jinjirin wata. Daga nan suka koma suka miƙe kamar ba abin da ya faru.

A daidai cikin lanƙwasar, wasu 'yan ganye sun leƙo waɗanda ba na masara ba. Gamba ce. Sufeto ya sa hannu ya tona gefenta. Bai yi zurfi ba ya taɓa ƙarfe. Fartanya ce, ƙotarta a karye.

Ya kira Kofur Yahya a waya. "Ka taho min da ma'aikatan kamfanin nan biyu. Yanzu."

"To, Yallaɓai. Akwai kuma labari. An kama Abdulrahman a tashar Hunkuyi yana neman motar Kano. Mota ta je ɗauko shi."

"Ku biyo da shi ta nan. Amma ku bar shi a cikin mota."

Mukarrama ta tsaya a kan lanƙwasar, fuskarta ta sauya.

"Malama, na'urarki tana yin haka?"

"A'a."

"Ko da saƙon tauraro ya yanke?"

"In ya yanke tsayawa take yi tana ƙara. Wannan hannu ne. Wani ya kama sitiyari ya murɗa, sannan ya sake danna maɓalli." Ta sake duban layin. "Wataƙila wani abu ya gani ya kauce masa."

Sufeto ya nuna mata gambar da fartanyar. "Mutumin yana nan, a cikin layin da aka riga aka gama. Da an bar motar a kan hanyarta, da ta wuce shi ba ta taɓa shi ba. Mai kauce wa abu nesa da shi yake yi. Wannan kansa ya nufa."

Ya juya wurin Yahuza.

"Ka ce kai ka tuƙa tun safe har aka gama. To wannan aikinka ne. Kofur, sa masa ankwa."

"Wallahi ba ni ba ne! Yallaɓai, ba na nan!"

"Kana ina?"

"Makarfi. Matata ce haihuwa ta zo mata da gardama, aka kira ni. Na ce zan kashe mota, aka ce ruwa na tafe, in ba a gama shuka ranar ba an yi asara. Aka ce in tafi, za a riƙe min."

"Wa ya ce?"

Yahuza ya dubi Mukarrama. "Dokar kamfani ce, in na ba wani mota an kore ni."

"Kora ce ta dame ka? An ƙone tsohuwa da ranta kana riƙe da wannan maganar a ciki."

Yahuza ya durƙushe. "Shugaba ne. Malam Sada. Kullum yana zama kusa da ni, ya iya danna maɓallin. Da na dawo na tarar ya wanke injin da kansa. Ya ce kada in gaya wa kowa na bar wurin, shi ma zai rufa min asiri. Ban san komai ba sai da aka ce an ga gawa. Ko a lokacin ma na ce wa raina Fulani ne."

Sada ya zo da ƙafarsa, cikin farar riga, carbi a hannu. Mutanen gari suka biyo shi daga nesa suka tsaya a bakin fili. Ya yi sallama, ya tambayi Sufeto gajiya da iyali. Sai idonsa ya sauka a kan layukan.

Carbin ya tsaya.

"Shugaba, ka ce rabonka da yayanka tun Magaribar Alhamis."

"Haka ne."

"A wane sahu ka yi sallar Juma'a?"

"Na makara. A waje na tsaya."

"Kusa da wa?"

Sufeto ya miƙa masa karyayyar fartanyar. Sada bai karɓa ba, amma ya san ta. Ya zauna daɓas a kan tsiron masara.

"Na share wurin da hannuna," ya ce a hankali. "Na baje ƙasar. Ruwa ya zo ya ƙarasa. Ban tuna irin yana ciki ba."

"Faɗa min yadda aka yi."

"Na hango shi tun daga nesa, a duƙe, yana tona inda muka riga muka shuka. Yallaɓai, ka san abin da na ɗauka a kaina? Gida-gida na bi. Na sa mutane suka sare ɗorawar da kakanninsu suka bari. Na ce musu bana ba wanda zai ci bashin hatsi. Kamfani kuma ya ce in aka ci gaba da ɓata layi za su janye motarsu su kai wani gari. In suka tafi, me zan ce wa mutane? Ga fili ba iyaka, ba wanda ya san inda tasa ta fara."

"Sai ka yanke shawarar kashe shi."

"A'a! Wallahi a'a." Ya ɗaga hannu biyu. "Tsorata shi na so yi. In matso kusa, ya ji ƙarar a kansa, ya tashi ya gudu, ya san abin nan ya fi ƙarfinsa. Na murɗa kaɗan. Ya ɗago ya gan ni. Ya gane ni. Bai matsa ba. Tsayawa ya yi yana kallona, irin kallon da yake min ina yaro in na yi ɓarna."

Ya goge fuska da hannun riga.

"Motar ta wuce shi. Na ce shi ke nan. Na manta abin da nake ja a baya ya fi ta faɗi. Na ji ƙarar. Na danna maɓallin, ban san ma me ya sa ba. Ta koma layinta ta ci gaba da shuka. Ina zaune a kai ina ihu, tana tafiya. Sai da ta kai ƙarshen fili na tuna yadda ake tsayar da ita."

"Da ka dawo yana da rai?"

"Kaɗan. Na ɗora kansa a cinyata. Ya ce, 'Sada, ka yi sallah kuwa?' Bai ƙara ba."

Kofur Yahya ya kawar da kai.

"Wa ya kai shi burtali?"

"Ni. A babur, na rufa masa buhunan iri."

"Me ya sa can?"

Sada ya kai idonsa wajen da rugar take a da.

"Na zo har gida na roƙe ka ka riƙe yaran nan," in ji Sufeto. Bai ɗaga murya ba. "Kalma ɗaya daga bakinka ta isa. Kana zaune a zaure ana maka gaisuwa, hayaƙi yana tashi."

"Na gani," in ji Sada. "Na yunƙura zan tashi. Sai na ga in na ce ba su ba ne, za a ce to wane ne."

Sufeto ya yi wa Kofur alama. Sada ya miƙa hannuwansa da kansa.

Suka ratso filin da shi. Mutanen gari suka dare suka ba su hanya. Mukarrama ta koma gefe tana waya da ofishinsu, ana ji tana cewa a turo babbar mota a ɗauke taraktar yau. Wani tsoho ya tare ta yana tambaya, in sun tafi da allon, wa zai nuna masa gonarsa. Ta ce za a rubuto.

A can ƙarshen taron Lantana tana tsaye, ta fito duk da takaba. Ba Sada take kallo ba. Motar 'yan sanda take kallo, inda ɗanta ke zaune a baya.

Kofur ya buɗe ƙofa. Abdulrahman ya ɗago, ya rame, leɓɓansa sun bushe. Da ya ga wanda ke tafe, fuskarsa ta ɗan saki.

"Baffa! Na san za ka zo. Ka faɗa musu ban san akwai tsohuwa a ciki ba. Ka faɗa musu jinin Baba na bi. Kai ma ai da kana da ƙarfi da ka yi."

Sada ya sunkuya ya shiga. Ya zauna kusa da shi, ya ɗora hannuwansa a kan gwiwa.

Sai a lokacin yaron ya ga ankwar.

Ya dube ta. Ya dubi tasa. Ya dubi Sufeto ta tagar mota.

"Yallaɓai, shi kuma me ya yi?"

Sufeto Zakiyyu ya rufe ƙofar, ya zagaya ya shiga gaba. Direba ya tayar da mota.

"Baffa," in ji Abdulrahman, muryarsa ta koma ta ƙaramin yaro. "Baffa, me ka yi?"

Har suka hau titin Makarfi yana tambaya.